Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara: Sunaye Sun Cika Bauca, To Wa Ke Dutin Dare?

Mai girma Shugaban Majalisa, masu girma wakilanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, da fatan Allah ya yi riƙo da hannuwanku, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina da ta hana ƙauyukanmu barci.

Duk shekara idan kasafin kuɗi ya zo gabanku, maganganu biyu ake ji a jihar nan, kuma ba su taɓa zama a zaure ɗaya ba. A sakatariya ana kukan albashi ya cinye kuɗin ma'aikatar lafiya, ba halin ɗaukar ko mutum ɗaya sai an yi dogon lissafi. A ƙauye kuwa kukan shi ne an je asibiti an tarar da kwado a ƙofa, in an yi sa'a a tarar da mai gadi. Na yi aikin jinya a asibitocin jihar nan tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a ba mu jiharmu a 1996, har na ajiye aiki, kuma ina shaida muku cewa duka biyun gaskiya ne. Kuɗi na fita, mutane ba sa nan. Tsakanin baucan albashi, wato takardar biyan ma'aikata, da gadon marar lafiya akwai rami, kuma ku ne doka ta ba ikon leƙa shi, tunda ba a kashe ko kwabo sai da amincewarku.

A ƙarshen 2022 gwamnatin wancan lokaci ta sanar da cewa a cikin sunaye 280 da ke karɓar albashin likita a jihar nan, 81 kaɗai aka samu likitoci ne na zahiri. Sauran 199 na bogi ne. Mutane suka riƙe baki, aka yi ta cece-kuce a rediyo kwana biyu, aka wuce wajen. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 81 ɗin nan. Ko da ƙidayar 2006 aka yi lissafi, wadda ta ce mu miliyan 3.2 da ɗoriya ne, likita ɗaya na gwamnatin jiha zai ɗauki mutum 40,000 ke nan, alhali yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yau wasunsu da 'ya'yansu. Na san likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ba sa cikin wannan adadi, amma mutumin Ɗansadau ko na Gummi da ciwo ya kama cikin dare, me likitan da ke Gusau zai yi masa? Ga kuma tambayar da ta fi dacewa da bakinku: kuɗin mutum 199 ɗin nan, in an daina biyansu, likita nawa na gaskiya aka ɗauka da su? Idan an kori ma'aikacin bogi kuɗinsa suka koma baitulmali suka narke, marar lafiya bai ƙaru da komai ba. Ɓarawo kawai aka sauya wa hanya.

Tantance ma'aikata ba sabon abu ba ne gare mu. Kusan kowace gwamnati da irin tata. A kira mutane Gusau, su yi layi cikin rana da takardun ɗaukar aiki da hotuna, a ɗauki zanen yatsu, asibitocin karkara su zauna fayau har a gama. Tantancewa tana nuna cewa mutum yana raye kuma yana da satifiket. Ba ta nuna inda yake ranar Laraba da ƙarfe 2 na dare. Kuma a nan ne babbar ɓarnar take, domin ma'aikacin bogi ma ya fi sauƙin kamawa a kan wanda yake da rai, da takardu cikakku, sunansa na rataye a asibitin ƙauye, jikinsa na Tudun Wada ko Samaru yana tsaron kemis ɗinsa.

Bari in nuna muku yadda abin yake a takarda. A wani babban asibiti na ƙaramar hukuma da na riƙe sashen jinya, idan ƙarshen wata ya zo zan zauna da jerin sunayen da aka aiko daga hedikwata in tsara duti: safe, yamma, dare. Jerin yana da tsawo, ko wane baƙo ya gani zai ce mun wadata. Sai in fara ja da biro. Wannan yana hutun ƙaro karatu, an ce shekara biyu, ga shi an shiga ta biyar. Wannan matar wani babba ce, ranar da aka turo ta ta zo ta sa hannu, ba mu sake ganin ta ba. Wannan an aro shi zuwa wani shirin rigakafi, can yake karɓar alawus, nan yake karɓar albashi. Wannan ya tsufa, ido ya yi rauni, ba ya iya neman jijiyar yaro. Wannan kuwa yana da uwa a gindin murhu, idan ka sa shi dutin dare, waya ce za ta biyo ka daga Gusau kafin la'asar. Abin da ya rage bayan jan biro, su ne asibitin. Su ne za su raba dare a tsakaninsu, su ne ba sa samun hutun shekara, su ne kuma jama'a za su zaga idan aka jima a layi.

Cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya, nas ɗaya kan kwana da ɗakin yara da ɗakin haihuwa a lokaci guda. Tana durƙushe tana lalube hannun yaron da amai da gudawa suka tsotse, jijiya ta ɓuya, sai a ƙwala mata kira daga ɗayan ɗakin cewa jini ya ɓalle wa mai jego. Dole ta bar ɗaya ta tafi wajen ɗaya, kuma ba wanda zai taya ta zaɓa. Da safe a littafin rahoto za a rubuta lokacin da aka rasu da abin da aka gwada, amma babu gurbin da ake rubuta cewa mutum biyu ya kamata su kwana a wurin. Saboda haka wannan mutuwa ba ta taɓa isowa teburinku a matsayin maganar kasafi. Sai a ce kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya hana a tura nas ta biyu shi ma Allah zai tambaye shi.

Akwai kuma kishiyar ma'aikacin bogi, wadda ba a cika maganarta ba: mai aiki ba suna. Ku shiga asibitocin sha-ka-tafi da ƙananan cibiyoyin lafiya na mazaɓunku ku tambaya, za ku tarar da yara maza da mata da suka gama Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ko makarantar jinya da ungozoma ta Gusau suna aikin sa-kai. Su ke awon ciki, su ke allurar rigakafi, su ke karɓar haihuwa. Wani shekara da shekaru yana haka, abin da yake samu ɗan ihsanin da shugaban asibiti ya yaga masa daga kuɗin kati, ko alawus ɗin kwanakin rigakafin shan inna idan an sa sunansa. Yana zaune ne da fatan ranar da za a buɗe ɗaukar aiki a tuna da shi. Ranar ta zo kuma sai a raba guraben a matsayin kason 'yan siyasa, takardar ta tafi hannun wanda bai taɓa riƙe sirinji ba. Ku yi mini afuwa, masu girma, amma kun san wasu daga cikin waɗannan guraben ta hannun 'yan majalisa suke bi.

Yanzu lissafi, tunda shi ne aikinku. Jihar nan tana da mazaɓun kansila 147, kuma manufar da gwamnatin tarayya da jihohi suka amince da ita ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki dare da rana. Mako ɗaya awa 168 ne. Ma'aikaci ɗaya awa 40 ake tsammani daga gare shi. Ke nan kujera ɗaya tak, a ce ta ungozoma, tana buƙatar mutum fiye da huɗu kafin a ce ba ta taɓa zama babu kowa ba, idan aka sa hutun shekara da na haihuwa da rashin lafiya sai a ce biyar. Biyar sau 147, ungozoma 735 ke nan. A ƙaddara kowace za ta ci wa gwamnati naira 200,000 a wata, albashi da alawus, abin zai kama naira miliyan 147 a wata, kimanin biliyan 1.8 a shekara. Kasafin da kuka amince da shi na 2024 ya haura naira biliyan 400. Wato ko rabin kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Na san kasafi a takarda daban, kuɗin da ke shigowa daban, kuma na san ungozoma 735 ba a kasuwa ake sayo su ba. Amma daga yau idan wani ya tsaya gabanku ya ce kuɗi ne suka hana mace ta samu mai karɓar haihuwarta a mazaɓarta, ku sa ya maimaita muku lissafin a allo.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa ana buƙatar likita da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000. Ban kawo wannan don ku kai shi ba, ko Najeriya gaba ɗayanta ba ta kusa da shi. Biyar a kowace mazaɓa nake roƙo.

Sai maganar abin da ake biya. Idan ana zancen guduwar likitoci, hankalin mutane Ingila da Saudiyya yake tafiya, kuma akwai gaskiya a ciki: a 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuma wajen 55,000 ne. Amma a Zamfara hijirar ba daga filin jirgi take farawa ba. Daga ƙauye take farawa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Gusau, daga asibitin jiha a tsallaka titi zuwa na tarayya, ko a shiga ƙungiyar agaji. Sai daga baya ne ake maganar fasfo. Tun 2009 gwamnatin tarayya take biyan likitocinta da tsarin albashin da ake kira CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya da CONHESS, kuma tana sake duba su lokaci-lokaci. Jihohi kowace da abin da ta ga za ta iya: wata ta biya cikakke, wata kaso, wata ta biya tsohon jadawali bayan tarayya ta wuce shi. Duk lokacin da Abuja ta yi ƙari jiha ba ta bi ba, tazarar ta buɗe, kuma yaran da suka yi aji ɗaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna nuna wa juna alat ɗin albashinsu a waya. Ba sai an yi wa kowa huɗuba ba.

Mu tuna kuma cewa mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 bai iso ma'aikatan Zamfara ba sai a 2024, shekarar da tarayya ta koma 70,000. Gwamnatin Dauda Lawal ce ta aiwatar da shi, kuma ba zan hana ta yabonta ba. Sai dai a tsakanin nan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Ma'aikacin da iyalinsa ke Ƙaura Namoda aikinsa na wani ƙauye a Birnin Magaji, kuɗin mashin kaɗai ya isa ya cinye ƙarin. Akwai kuma wani abu da ƙarin mafi ƙarancin albashi ke haifarwa idan ba a yi gyaran matakai da kyau ba: na ƙasa ya taso, na tsakiya ya tsaya cik, har nas mai shekara goma tana aiki ta ga abin da ya raba ta da sabon ɗauka bai taka kara ya karya ba. Ita ce kuwa wadda asibiti ba ya iya rasawa, domin ita ke koya wa sababbi aiki. Ga ƙarin girma da ake bayarwa a takarda kuɗinsa ya biyo baya bayan shekaru, in ma ya biyo.

Zan faɗi abin da wasu abokan aikina na ƙungiya ba za su so ba. Ƙari na bai-ɗaya, wanda kowa zai samu daidai wa daida, ba shi zai kai ma'aikaci Ɗansadau ba. Idan wanda ke zaune a ofis a Gusau da wanda ke kwana a Zurmi albashinsu ɗaya, duk mai hankali Gusau zai nema, kuma zai bi ta kowace ƙofa ya samu. Shekaru da yawa alawus ɗin haɗari a ƙasar nan naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 tarayya ta ɗaga nata. Wancan ma don haɗarin kamuwa da cuta aka yi shi. Namu haɗarin daban ne. Ɓarayin daji sun san darajar malamin asibiti: ga kuɗin fansa, ga wanda zai yi musu ɗinki ya cire harsashi. Wanda aka tura Maru ko Shinkafi ko Anka ko yammacin Tsafe, ya san hanyar da zai bi, matarsa ma ta sani. Idan aka ɗauke shi, danginsa ne ke sayar da gona, ma'aikata sai dai ta yi addu'a. Ba na ganin laifin wanda ya ƙi zuwa a wannan hali, kuma barazanar kora ba ta taɓa cika asibiti ba.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne a raba wuraren aiki gida-gida gwargwadon nisa da haɗari, a sa wa mafi tsanani alawus mai kauri, wanda mutum zai zauna da iyalinsa su yi shawara a kansa, ba na cefanen kwana biyu ba. Alawus ɗin ya bi kujerar, kada ya bi mutum: ranar da ka bar wurin, ranar ya tsaya. Kada a biya shi sai da shaidar kwamitin ci gaban mazaɓa da hakimi ko dagaci cewa an gan ka bakin aiki. A haɗa da masauki a cikin gari kusa da jami'an tsaro, da wa'adi sananne, a ce shekara biyu, bayan su mutum ya samu fifikon ƙaro karatu ko zaɓin inda zai koma. A kuma rubuta a doka abin da iyalin ma'aikaci za su samu idan aka kashe shi ko aka sace shi a bakin aiki. Wannan ya zama layi mai zaman kansa a kasafi, don ku iya ganin ko an saki kuɗin ko ba a saka ba.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka bar biyan ma'aikaci a hannun mutane da yawa. A 2009 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta fito da shirin tura ungozomomi karkara. Tsarin ya yi kyau a takarda: tarayya ta ba kowace naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da ɗakin kwana. An turo mata, wasu daga kudu, wasu tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, kuma mata sun fara zuwa awo. Amma a jihohi da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa fitowa a kan kari ba, ɗakin kwanan ma wani wuri babu, sai suka riƙa tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ina tuna muku wannan ne saboda hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ma'aikatan lafiya matakin farko suna ƙarƙashin hukumar jiha ta fuskar aiki, alhali albashinsu daga kason ƙananan hukumomi aka saba cire shi. Idan ba ku zauna kun fayyace a doka wa ke ɗauka, wa ke biya, wa ke ladabtarwa ba, za a wayi gari ciyaman ya ce na jiha ne, jiha ta ce na ciyaman ne, wata ya mutu babu alat.

Darasi na biyu daga shirin tura ungozomomin shi ne baƙuwa ba ta zama. Wadda za ta zauna a Bukkuyum 'yar Bukkuyum ce, wadda mahaifanta ko mijinta ke nan. Shirin nan na mata ma'aikatan lafiya da gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara a kan wannan ya ginu: a ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a yi musu shekarar share fage su gyara sakamakon kimiyya, su shiga makarantar ungozoma, su koma garuruwansu. Shirin ya ƙare, amma hanyar ba ta da wani sirri. Abin da ke kashe ta shi ne a yaye ɗaliba a bar ta a gida tana jiran takardar ɗaukar aiki. Jiha ta ciyar da saniya har ta fara ba da nono, sannan ta bar ƙofar garke a buɗe ta shige na maƙwabci. Duk wanda jiha ta kashe wa kuɗi ya yi karatun lafiya, a gida ko a waje, gurbinsa ya kamata ya kasance cikin kasafin shekarar da zai gama, da yarjejeniyar shekarun da zai yi wa jiha aiki. Haka kuma duk wanda ya yi ritaya, ko ya rasu, ko ya ajiye aiki, a cike gurbinsa cikin wata uku ba tare da jiran amincewar gidan gwamnati ba, tunda kuɗin kujerar suna cikin kasafi tun farko. Sa'o'ina da muka shiga aiki tare kusan duk mun fita, shekara 35 ta cika ko 60 ta haihuwa, kuma ranar fitarmu ba ɓoyayya ba ce, tana rubuce a fayil tun ranar da aka ɗauke mu.

A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma an ga gyaran asibitoci, an ga fenti da rufi da kayan aiki. Wanda ya san yadda wuraren nan suke a da ba zai raina ba. Tsorona shi ne halin da gwamnatoci suke da shi tun fil azal, na son gini fiye da mutum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gini ana buɗe shi da biki, ana ɗaukar hoto, kwangila ce ke kawo shi, kwangila kuma tana da masu cin moriyarta. Albashin nas ba ya da ranar buɗewa, ba kuma wanda ke samun kamasho a kansa. Shi ya sa ake alfahari da cewa kaso mafi tsoka na kasafi ya tafi manyan ayyuka, kamar kuɗin yau da kullum abin kunya ne. A hanya ko gada wannan magana ce mai kyau. A asibiti kuwa ma'aikaci shi ne aikin. Injin hoton ciki ba ya karanta kansa, ɗakin tiyata ba ya aiki babu mai sa barci. Alkawarin da shugabannin ƙasashen Afirka suka yi a Abuja a 2001 ya ce a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma ana iya cika wannan adadi cif da bulo da siminti ba tare da an ƙara ungozoma ko ɗaya ba.

Ban manta da uzurin gwamnati ba. Harajin da jihar nan ke tarawa kaɗan ne, da kason Abuja muke rayuwa, tsaro na cin nasa, an kuma gaji bashin giratuti na shekaru masu yawa. Ɗaukar ma'aikaci nauyi ne na shekara 35 da fansho a bayansa, ba kamar kwangila ba da ake biya sau ɗaya a huta. Duk na yarda. Amma kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin mai, wannan ba wanda ke musu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kuma kafa asusun kula da lafiya matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 10 na asusun don ma'aikata, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason. Ya kamata ku san ko muna kawowa, da abin da ake yi da wanda ya shigo.

Wani abin kuma da ke rufe mana ido shi ne ƙungiyoyin agaji. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka tsaya a kan lamarin shekara da shekaru. Da sanƙarau ya ɓarke a 2017, Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki, sai da aka kawo ɗauki daga waje. A 2024 MSF ɗin ce ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta ce fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Allah ya saka musu. Amma a wuraren da suke aiki, alawus ɗin da suke bayarwa ne ke riƙe da ma'aikata da yawa, har da na gwamnati, kuma mun ga yadda gwamnatin Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025 ba tare da ta shawarci kowa ba. Duk ɗakin yaran da ƙungiya ke ɗauke da ma'aikatansa, ya kamata ma'aikatar lafiya ta san adadinsu da abin da zai ci idan nauyin ya dawo kanta gobe.

Abokan aikina ma ba wankakku ba ne duka. Akwai mai tura marar lafiya kemis ɗinsa, akwai mai ɗaga wa talaka murya, akwai mai sa hannu a rajista ya fice. A hukunta su. Amma ba a iya hukunta wanda ba a san inda ya kamata ya kasance ba, kuma a nan ne roƙona mafi sauƙi ya shigo, wanda ba ya cin ko sisi: ku yi doka cewa kowane asibiti da kowace cibiyar lafiya ta gwamnati ta liƙa a bakin ƙofarta, da Hausa, da boko da ajami, sunayen duk waɗanda ake biya albashi da sunan wurin, da muƙaminsu, da jadawalin dutin wata. Mutanen gari sun san wanda suke gani da wanda ba su taɓa gani ba. Liman ya sani, ungozomar gargajiya ta sani, mai shayin bakin asibiti ya fi kowa sani. Ranar da aka liƙa wannan takarda, rabin aikin kwamitin tantancewa ya ƙare.

Idan Kwamishinan Lafiya da shugabannin hukumar asibitoci da ta lafiya matakin farko suka zo kare kasafinsu, kada ku karɓi jimilla. Ku nemi jerin asibiti-asibiti: likita nawa, nas nawa, ungozoma nawa, mai haɗa magani da na ɗakin gwaji nawa, nawa ne ke hutun karatu kuma tun yaushe, nawa suka fita bara, nawa aka ɗauka a madadinsu, nawa ne 'yan sa-kai. Ku 24 ne, ƙananan hukumomi 14. Kowannenku ya ɗauki shafin mazaɓarsa ya je da shi gida a ƙarshen mako, ba tare da ya sanar ba, ba tare da jiniya ba, ya shiga babban asibitin bayan sallar isha'i ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya samu ya karanta shi a zauren majalisa kafin a kaɗa ƙuri'a a kan kuɗin albashin ma'aikatar.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin asibiti mai ritaya,
Gusau, Jihar Zamfara.